Hanyar Daki Takwas ko zagayen Sakkwato: guje wa hanya rashin bangaskiya ne?

Ishaya (Gusau): Salama gare ku 'yan'uwa. Ina da tambaya, ina kuma roƙon iyayenmu da ke cikin wannan zaure su ba ni amsa tsakani da Allah. Kirsimeti ya matso, ina son in kai iyalina gida Zuru. Hanya biyu ce a gabana. Ko in bi ta Anka in ɓulla Daki Takwas in gangara Zuru, wadda ita ce gajeruwa, ko in yi zagaye ta Talata Mafara zuwa Sakkwato, Tambuwal, Jega, Koko, Mahuta, sannan Dabai. Zagayen zai cinye mana yini guda cur, ga kuɗin mota, ga yara uku. Maiɗakina ta ce ita dai zagayen, in ba haka ba mu yi Kirsimetinmu a Gusau. Yayana kuwa ya kira ni ya ce tsoro ya shiga gidana, wai wanda ya danƙa tafiyarsa a hannun Ubangiji ba ya zaɓen hanya. Maganar nan ta tsaya mini a rai. In na kauce wa hanya saboda 'yan bindiga, na nuna rashin bangaskiya ke nan?

Dauda Mawaƙi: Yaya Ishaya, ni ina bayan babban yaya. Buɗe Zabura 121, aya ta ƙarshe: Ubangiji ne mai kiyaye fitarka da shigarka. Ka haɗa da Zabura 91. Kuma zagayen da kake magana a kai, wa ya ce maka can babu su? Tsakanin Gusau da Mafara ma ana tare hanya. In tsoro za mu bi, ko kasuwa ba za mu je ba. Ku durƙusa da iyalinka, ku yi addu'a, ku shiga mota.

Maman Godiya: Dauda, ba ka da yara uku a kujerar baya shi ya sa. Ishaya ka ji maganar matarka.

Dauda Mawaƙi: Mama, Allahn da ke kiyaye gwauro shi ne ke kiyaye mai iyali.

Dattijo Bawa: Ku dakata yarana. Wannan gardama ta girme mu duka, tana nan cikin Littafi Mai Tsarki tun kafin a yi kwalta.

Mutum biyu suka tashi daga ƙasar bauta zuwa Urushalima a zamanin sarki ɗaya, Artashate na Farisa. Na farko Ezra. Yana ɗauke da azurfa da zinariya na Haikali, ga mata ga ƙananan yara, hanya kuma cike da mafasa. Ku karanta Ezra 8 daga aya 21. Ya tsai da jama'a a bakin kogin Ahawa, ya sa aka yi azumi, aka roƙi Allah ya ba su hanya lafiya. Ya faɗa da bakinsa cewa ya ji kunyar roƙon sarki sojoji, domin ya riga ya gaya wa sarki cewa hannun Allah yana bisa masu nemansa. Suka tafi babu rakiya, suka isa lafiya.

Na biyu Nehemiya. Shi ma mai addu'a ne, har a tsakiyar magana da sarki ya yi addu'a a zuciyarsa. Amma shi ya roƙi takardun izinin wucewa zuwa ga gwamnoni, sarki kuma ya haɗa shi da shugabannin soja da mahayan dawakai. Yana nan a Nehemiya 2. Bai mai da su ba. Ya ma ce hannun alheri na Allah ne ya sa sarki ya ba shi abin da ya roƙa.

To ku nuna mini inda Allah ya tsawata wa ɗayansu. Babu. Ishaya ɗana, yayanka ya riƙe Ezra ya manta da Nehemiya. Kuma ka lura, Ezra bai tsaya a bakin Ahawa yana zagin waɗanda suka nemi rakiya ba. Nauyin da Allah ya ɗora maka shi ne matarka da yaran nan, ba bakin yayanka ba.

Dauda Mawaƙi: Baba Dattijo, da girmamawa, ai kun ba ni hujja. Ezra ya tafi babu soja kuma ya isa.

Malama Rifkatu: Dauda, Ezra ba shi da wata hanya ta biyu da aka ce masa ta fi sauƙin haɗari ya ƙi bi don a yaba masa. Kuma tun da ka kawo Zabura 91, ka tuna wanda ya karanta wa Yesu ita. A Matiyu 4 Iblis ne ya kai shi ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, ai an rubuta mala'iku za su tallafe shi. Ayar gaskiya ce, babu ƙarya a cikinta. Amma Ubangiji ya amsa cewa kada a gwada Ubangiji Allah. Akwai dogara, akwai gwaji. Idan aiki ko rashin lafiyar mahaifi ya tilasta maka bin muguwar hanya, ka bi da addu'a, wannan dogara ce. Idan kana da zaɓi ka ƙi ɗauka domin ka nuna wa mutane kai mai bangaskiya ne, ina tsoron wannan ya fi kusa da gwaji.

Baban Ladi Direba: Salama. Ku bar ni in sa baki, tunda mu ne ke riƙe da sitiyarin.

Ba na tayar da mota ban yi addu'a ba. Da asuba kafin in fita gida nake yi da uwargida, sannan a tasha in an gama lodi in ɗora hannu a kan sitiyari in sake yi a zuciyata. Fasinjojina Musulmi ma za ka ji suna karanta tasu addu'ar tafiya, kowa ya ce Allah ya kai mu lafiya, a amsa da amin tare. Wannan yana yi mini daɗi ƙwarai.

Amma abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne wanda ya fi kowa ɗaga murya a addu'a, shi ne in mun fita gari zai fara cewa direba taka mana, muna sauri. Shi ne in na ce ba zan ɗauki mutum huɗu a layi ba sai ya ce in na ƙara kuɗi ba zai biya ba. Shi ne in na ce magariba ta yi mu kwana a nan, sai ya ce ba ni da bangaskiya. Jama'a, 'yan bindiga kaɗai muke gani. Tsohuwar taya 'yar gwanjo a kan kwalta mai zafi, da obalodi, da gyangyaɗin direban da bai yi barci ba, su ma suna cika maƙabarta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 direbobi da yawa suka koma cusa mutane da kaya fiye da kima don su fitar da kuɗin mai, gyaran birki kuma sai a ce sai wani mako.

Ishaya, ga abin da muke yi. Ba ma fita da duhun asuba a irin waɗannan hanyoyi, sai rana ta ɗaga, motoci sun fara zirga-zirga. Ba ma bari la'asar sakaliya ta same mu a daji. Kafin ka biya kuɗi, je ka tambayi 'yan kamasho da direbobin da suka shigo jiya da yau, su ne jaridar hanya. In muna tafiya na ga an daɗe mota ba ta fito daga gaba ba, ina neman ƙauye in tsaya, kowa ya yi ta faɗa. In na gaba ya ƙyafta mini fitila ya yi alama da hannu, ba na tambayar dalili. Wanda ya ƙyafta mini fitilar nan, ni a wurina amsar addu'ar asuba ce Allah ya aiko.

Wace hanya ta fi? Yau wannan, gobe waccan. Kada ka yanke yau. Ka tambaya ana gobe tafiya.

Maman Godiya: Allah ya yi maka albarka Baban Ladi.

Saratu (Yauri): Mu na bakin ruwa ma haka ne. Ba mu manta da jirgin Warrah ba, a ƙaramar hukumar Ngaski, watan Mayu 2021. Sama da mutum 150 ne a ciki, da yawa mata da yara, jirgin ya tarwatse a tsakiyar kogin Kwara. Kuna tsammani babu wanda ya yi addu'a a cikinsu kafin ya shiga? Ni yanzu in na ga an cika jirgi da buhuna da babura sannan ana ƙara mutane, sauka nake yi in jira na gaba. Rigar ruwa kuma in akwai ina sawa, ko mata su yi mini dariya.

Emmanuel: Ni dai kwalbar man zaitun da aka yi wa addu'a ba ta barin motata, da takardar "Jinin Yesu" a gilashi. Tun da na sa ban taɓa ko faci ba.

Malama Rifkatu: Emmanuel, ka kula kada ya zama laya. Iyayenmu sun ƙone layu lokacin da suka karɓi bishara. Jinin Yesu don gafarar zunubi aka zubar.

Emmanuel: Tuni ne kawai Malama, ba dogara ba.

Mama Naomi: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Bari in faɗi abin da ke cina.

Maigidana ya rasu a hanya. Sun tare motarsu, suka buɗe wuta, shi yana gaba kusa da direba. Da safen nan mun yi addu'a tare a ɗaki, shi ya karanta Zabura 121 ɗin nan da Dauda ya kawo. Mutum ne da ba ya fashin sujada, ba ya wasa da zakkarsa. Ba dare suka yi ba, da rana tsaka ne.

Bayan an gama zaman makoki na koma sujada. Ranar godiya wata 'yar'uwa ta tashi ba da shaida, ta ce motarsu ta wuce ba da jimawa ba aka tare ta bayansu, ta ce domin ita mai addu'a ce, Allah ba ya barin nasa su faɗa hannun mugu. Jama'a suka yi guɗa da tafi. Ni ina zaune da yarana. Ƙaramin ya juyo ya ce, Mama, Baba ba na Allah ba ne?

Ban ji haushin tsirarta ba, Allah ya sani, na yi mata murna. Amma ina roƙonku, in kuna magana a kan addu'a da hanya, ku tuna akwai mu a cikin majami'a. Ina son Baba Fasto su gaya mini abin da zan ce wa yaron nan, domin har yau yana tambaya.

Saratu (Yauri): Wayyo Mama. Allah ya ta'azantar da ku.

Ishaya (Gusau): Mama ku yi haƙuri, tambayata ta taɓo muku ciwo.

Mama Naomi: A'a ɗana, gara da ka tambaya.

Fasto Yusufu: Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Mama Naomi, sannu. Ki gaya wa yaron cewa babansa na Allah ne, kuma yana wurin Allah. Ki faɗa masa babu kwana-kwana.

Sannan in ya iya karatu ku buɗe Ayyukan Manzanni 12 tare. A sura ɗaya Hirudus ya kashe Yaƙub ɗan'uwan Yahaya da takobi, ya kuma kama Bitrus. Ikilisiya ta taru tana addu'a, mala'ika ya fito da Bitrus daga kurkuku da dare. Manzanni biyu, dukansu cikin ukun da suka fi kusa da Yesu. Ɗaya ya fita, ɗaya aka kashe. Babu inda aka rubuta cewa addu'ar Yaƙub ce ta gaza. Haka a Luka 13, aka zo wa Yesu da labarin waɗanda Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Ya tambaya ko sun fi sauran mutane laifi ne, ya amsa da kansa ya ce a'a. Saboda haka wanda ya tashi a gaban jama'a ya ce na tsira domin na fi addu'a, ya faɗi abin da Ubangiji da kansa ya ƙaryata.

Ba na hana shaida. Wanda Allah ya fisshe shi, ya zo ya yi godiya da baikonsa, wajibi ne. Amma shaida ita ce, ya ji ƙaina ban cancanta ba. Kuma kada a sauka ba a yi addu'a domin motar baya ba. Romawa 12 ta ce mu yi murna da masu murna, mu yi kuka da masu kuka, kuma sau da yawa a benci ɗaya suke zaune. Mu fastoci ya kamata mu riƙa jin shaida a ofis kafin a ba mutum makirufo.

Dauda ɗana, Bulus ya fi ni da kai bangaskiya. Ka karanta 2 Korantiyawa 11 ka ga lissafin tafiye-tafiyensa: sau uku jirgi ya fashe da shi, haɗarin koguna, haɗarin 'yan fashi, haɗari a gari, haɗari a jeji. A Ayyukan Manzanni 27 shi ne ya ce kada a tashi, lokacin tafiyar teku ya wuce, aka ƙi jinsa aka bi maganar matuƙi da mai jirgi. Da hadari ya kama su Allah ya yi masa alkawarin ran kowa, su 276. Duk da alkawarin, da ya ga ma'aikatan jirgin suna shirin sulalewa, ya ce wa jarumin sojan Roma da ke tsare da shi in waɗannan ba su tsaya ba, ba za ku tsira ba. Ya sa kowa ya ci abinci. Jirgin da kayan duk suka salwanta, mutane suka fita wasu da iyo wasu a kan katako. A sura 23 kuma, da ɗan 'yar'uwarsa ya ji ana shirin yi masa kwanton ɓauna, Bulus bai ce a bar wa Allah ba, ya tura yaron ya kai rahoto, aka fitar da shi da dare da rakiyar sojoji zuwa Kaisariya.

Dauda Mawaƙi: Baba Fasto na ji, kuma Mama Naomi Allah ya ƙara haƙuri. Amma har yanzu akwai abin da ya dame ni. In mai addu'a zai iya mutuwa a hanya, marar addu'a ya isa lafiya, to mene ne amfanin addu'ar? Ni ba zan iya durƙusawa ina roƙo da rabin zuciya ba. In na roƙa, ina sa rai a ba ni.

Fasto Yusufu: Ka roƙa da dukan zuciya, haka aka umarce mu, kuma yana amsawa fiye da yadda muke ƙirgawa. Shadrak da Meshak da Abednego sun ce wa sarki Allahnmu yana da ikon cetonmu, kuma zai cece mu. Sai suka ƙara, ko da bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Ka ga rabin zuciya a wannan?

Iliya: Dauda, bari ni in amsa maka daga inda na fito. An ɗauke ni a hanya, na yi makonni a daji. Ban cika son maganar ba, amma tambayarka ta sa.

Kwanakin farko addu'ata ɗaya ce, Ubangiji ka buɗe hanya in gudu, ka aiko sojoji. Ba abin da ya faru. Ƙafa a ɗaure, abinci ɗan tuwo sau ɗaya, ga duka da muke sha in an kira gida ba a samu abin da suke so ba. Daga baya ba na ma iya haɗa dogon zance, sai Addu'ar Ubangiji da 'yan ayoyin da muka haddace a makarantar Lahadi. Su suka riƙe mini hankali. Na ga wanda hankalinsa ya gushe a wurin nan. Akwai wani dattijo Musulmi da aka ɗaure mu tare, in ya ga na yi shiru da yawa sai ya taɓa ni ya ce ɗana yi addu'arka, kada ka bari zuciya ta mutu. In zazzaɓi ya kama shi ni nake ba shi ruwa.

Ban fita ta hannun mala'ika ba. An sayar da gonar babanmu da shanun huɗa, Zumuntar Mata suka yi karo-karo, maƙwabtanmu Musulmi suka kawo nasu. Har yau muna biyan bashi. Wani ya ce mini da ina da bangaskiya da ba a biya fansa ba. Ban amsa masa ba. Abin da na sani, ban kasance ni kaɗai a dajin nan ba ko dare ɗaya, kuma abin da na fi roƙo yanzu shi ne Allah ya cire mini ƙiyayya, domin ita ce ta biyo ni gida. Dattijon nan kuwa na baro shi a can, ban san yadda ya ƙare ba. Ku sa shi a addu'a.

Dauda Mawaƙi: Yaya Iliya, ban san haka ta faru da kai ba. Ni dai har yanzu na gaskata Allah yana makantar da idon mugu, na ji shaidu da yawa. Amma zan yi ta tunanin maganarka.

Iliya: Yana yi Dauda. Ban musa ba.

Ishaya (Gusau): Na gode iyayena. Mun yi magana da maiɗakina, za mu bi shawarar Baban Ladi, mu tambaya ana gobe tafiya, in ta kama zagaye mu kwana Jega mu ƙarasa da safe. Yayana zan kira shi in karanta masa Nehemiya 2.

Malama Rifkatu: Shawara ga duk masu zuwa gida bana: kowa ya rubuta lambar mutum biyu a takarda ya sa a aljihu, ba a waya kaɗai ba. Mun ga yadda aka sha wuya a 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara. Kuma mai tafiya ya sanar a nan in ya tashi da in ya sauka, mu san wa muke ɗauke da shi a addu'a.

Hannatu: Don Allah jama'a ku taimaka da addu'a yanzu-yanzu. Ƙanena ya taso daga Birnin Kebbi, motarsu ta lalace a Koko tun la'asar, lagireto ne. Bakanike ya ce ya kusa gamawa, direba kuma ya ce da an gama za su kama hanyar Mahuta. Ga shi an yi magariba. Yaron bai san kowa a Koko ba, kuɗin hannunsa kuma ba su kai na masauki ba.

Baban Ladi Direba: Kada ya shiga. Ki kira shi yanzu ki ce ya sauke jakarsa, ko kuɗin motar ya tafi ya tafi.

Fasto Yusufu: Ya Uba, kai ka san inda yaron nan yake tsaye. Ka kiyaye shi da duk waɗanda ke cikin motar nan, ka ba direban zuciyar haƙura har gari ya waye, ka tanada musu wurin kwana. Cikin sunan Yesu.

Maman Godiya: Amin.

Mama Naomi: Amin. Hannatu turo lambar asusunsa ta gefe, in sa masa na abinci.

Baban Ladi Direba: Na kira wani aminina Alhaji mai faci a bakin tasha, gidansa ba nisa. Ya ce yaron ya kwana a zaurensa. Na tura miki lambarsa. Ki ce wa ƙanenki kada ya bi kowa sai wanda ya kira shi da sunansa. Ki turo mini lambar direban ma, zan yi masa magana irin tamu.

Hannatu: Sun haɗu, na gode, Allah ya saka. Amma ya ce akwai wata mata mai goyo da wani tsoho da su ma suka sauka da suka ga ya sauka. Ko za a samu wuri?

Baban Ladi Direba: Alhaji ya ce a taho da su duka, mai goyon ta shiga cikin gida wurin iyalinsa. Direban har yanzu bai ɗaga wayata ba, ina ta kira.